Yadda ake shawo kan adawa da gina benayen haya kusa da tashar jirgi a ƙananan garuruwan Amurka

A da yawa daga cikin ƙananan garuruwan da ke kewaye da Boston, New York, Chicago ko San Francisco, za ka tarar da tashar jirgin ƙasa a tsakiyar gari, da 'yan kantuna a jere, sai kuma wani makeken fili da aka malale da kwalta. Motoci ke yini a kansa, dare na yi ya zama fayau. A irin wannan fili ne ake son gina benen haya mai hawa huɗu ko biyar, yadda ma'aikaciyar jinya ko malamin makaranta zai fito daga ɗaki ya taka zuwa jirgi cikin minti goma. Ma'aunin da aka saba amfani da shi rabin mil ne daga tasha, wato kusan mita 800. Amma duk ranar da aka kira zaman jin ra'ayin jama'a, sai zauren ya cika maƙil da masu cewa ba su yarda ba.

Wannan bayani na wanda yake son ginin ya tabbata ne, ko shi ne mai aikin, ko ma'aikacin tsara gari, ko ɗan majalisar gari, ko ɗan haya da kuɗin gida ya sha masa kai. Abin da ya fi kashe irin waɗannan ayyuka shi ne jinkiri. Mai gini yana biyan kuɗin ruwa a kan bashin fili, yana biyan lauya da injiniya, duk wata guda da aka ɗage zama asara ce a kansa, alhali mai adawa bai rasa komai ba sai yammacin rana ɗaya. Saboda haka dabarar gaba ɗaya ita ce a rage wuraren da za a iya tsayar da aikin, a kuma amsa ƙorafin gaskiya tun kafin a ɗaga shi a zaure.

Karanta doka kafin a zana komai

Tambayar farko: shin dokar tsara filaye ta garin ta halatta ginin kai tsaye, ko sai an nemi izini na musamman? Wannan bambanci ya fi duk wata hujja da za ka kawo daga baya nauyi. Idan doka ta ce a wannan yanki ana iya gina hawa huɗu, to aikin hukumar tsara gari shi ne ta duba hanyar shiga, magudanar ruwa, fitilu da bishiyoyi, ba ta da hurumin cewa ba ta son ginin. Idan kuwa sai da izini na musamman ko sauya dokar filin, hukuma na iya ƙi saboda dalilai masu faɗi irin su rashin dacewa da yanayin unguwa, kuma kowane maƙwabci ya sami abin riƙewa. A yawancin garuruwan bayan birni, benen haya yana cikin kashi na biyu. Abin ya daɗe: tun a 1926, a shari'ar garin Euclid na jihar Ohio, Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar wa garuruwa ikon keɓe unguwanni ga gidajen iyali guda, har ta kwatanta benen haya da abin da ke rayuwa ta hanyar tsotsar wani. A kan wannan tushe aka gina mafi yawan dokokin da za ka ci karo da su.

Daga nan sai ka duba dokar jiha, domin wani lokaci tana sama da ta gari. A Massachusetts, jihar da Boston take, dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2021 ta wajabta wa garuruwa 177 da ke yankin hukumar sufuri ta MBTA su keɓe aƙalla yanki ɗaya inda za a iya gina gidajen iyalai da yawa kai tsaye, da aƙalla fulat 15 a kowace eka, cikin rabin mil daga tasha idan garin na da ita, ba tare da ƙayyade shekarun mazauna ba. Jihar tana kuma da tsohuwar dokar 40B ta 1969: garin da gidajensa masu sauƙin kuɗi ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, mai gini na iya tsallake dokar filin garin idan ya keɓe kashi 20 zuwa 25 na fulat ɗin ga masu ƙaramin ƙarfi. New Jersey na da hukunce-hukuncen kotu na shari'ar Mount Laurel na 1975 da 1983, waɗanda suka ɗora wa kowane gari nauyin samar da kasonsa na gidaje masu sauƙi. A Kalifoniya, dokar AB 2097 ta 2022 ta hana garuruwa tilasta gina wurin ajiye motoci cikin rabin mil daga babbar tasha, sannan a Oktoban 2025 Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a kan SB 79, wadda ta halatta dogayen benaye kusa da manyan tashoshi, bayan ƙudurori biyu irinta na Sanata Scott Wiener sun faɗi a 2018 da 2020. A jihar New York kuwa, shirin Gwamna Kathy Hochul na 2023 na gina gidaje 800,000 cikin shekara goma ya mutu a majalisa saboda turjiyar wakilan garuruwan bayan birni, musamman na Long Island da Westchester. Wanda ke aiki a can ya san ba shi da irin wannan bango na jingina, sai ya lallashi gari.

Abu na uku shi ne lissafin ƙuri'a, kuma a nan mutane da yawa ke tafka kuskure. Ka san adadin kujerun hukumar, da ƙuri'a nawa ake bukata. A jihohi da dama, masu kashi 20 cikin 100 na filayen da ke maƙwabtaka za su iya shigar da takardar ƙin amincewa, wadda ke ɗaga yawan ƙuri'un da ake bukata zuwa kashi biyu bisa uku ko uku bisa huɗu. A majalisa mai mutum bakwai, wannan na nufin huɗu ba su isa ba, sai biyar ko shida. Massachusetts ta rage nata daga kashi biyu bisa uku zuwa rinjaye kawai a 2021 ga sauye-sauyen da ke ƙara gidaje. Ka kuma bincika ko mazauna na iya tara sa hannu su kai maganar ƙuri'ar raba gardama. Haka aka yi a garin Milton na jihar Massachusetts: taron wakilan gari ya amince da sabon tsari a ƙarshen 2023, masu adawa suka tara sa hannu, masu zaɓe suka rushe shi a Fabrairun 2024. Babbar lauyar jihar, Andrea Campbell, ta kai ƙara, kuma a Janairun 2025 kotun ƙolin jihar ta ce dokar halattacciya ce, dole garuruwa su bi ta. Darasin da ke nan shi ne, ƙuri'ar majalisa ba ita ce ƙarshe ba a inda doka ta ba da wannan ƙofa, don haka yaƙin neman goyon baya ya kamata a tsara shi har zuwa akwatin zaɓe.

Idan kana da zaɓi, ka sa ƙarfinka a kan sauya dokar yankin gaba ɗaya maimakon faɗa a kan gini ɗaya. Gundumar Arlington a jihar Virginia ta yi haka a layin jirgin Rosslyn zuwa Ballston, wanda aka buɗe a 1979: ta tattara dogayen gine-gine kusa da tashoshi biyar, tsayin yana raguwa yayin da ake nisa, aka bar unguwannin da ke baya yadda suke. Maƙwabta sun san iyakar abin da zai zo, masu gini sun san abin da aka halatta.

Su wa ke zuwa zauren

Kada cikar zaure ta ruɗe ka ka ɗauka gari ne gaba ɗaya ya taso. Masu bincike uku na Jami'ar Boston, Katherine Einstein, David Glick da Maxwell Palmer, sun bi bayanan zaman hukumomin tsara gari a garuruwa 97 na yankin Boston tsakanin 2015 da 2017. Sun gano kashi 63 cikin 100 na masu magana adawa suke yi da sababbin gidaje, kusan kashi 15 kacal ke goyon baya. Masu maganar sun fi zama masu gidajen kansu, masu manyan shekaru, waɗanda suka daɗe a garin. Amma a 2010, da aka tambayi masu zaɓen jihar ko a soke dokar 40B, kashi 58 suka ce a bar ta. Dalilin giɓin a fili yake. Takardar sanarwa tana zuwa ne ga masu filayen da ke kusa, ƙafa 300 a Massachusetts, ƙafa 200 a New Jersey. Wanda zai zauna a ginin bai ma san za a yi shi ba, wataƙila yana wani gari, ko yana bakin aiki da ƙarfe bakwai na yamma lokacin da ake zaman.

Duk da haka, kada ka raina waɗanda suka zo. Yawancinsu gidan nan shi ne dukiyarsu mafi girma, kuma su ne za su sha ƙura da ƙarar injina na shekara ɗaya da rabi ko biyu. Laƙaba musu suna irin NIMBY, wato masu cewa "ba a bayan gidana ba", a bainar jama'a ba ya jawo ƙuri'a ko ɗaya, sai dai ya tura masu shakka ɓangarensu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wata biyu zuwa uku kafin shigar da takardu, ka bi maƙwabtan da filinsu ya taɓa naka gida-gida, sannan masu kantuna, shugaban 'yan kwana-kwana, mai kula da ayyukan ruwa, da ofishin makarantu. Taron farko kada ya zama na dandamali da makirufo, inda mutum ɗaya mai zafin kai zai ja zauren duka. A jera tebura huɗu ko biyar, kowanne da batunsa da ƙwararrensa, mutane su zagaya su yi tambaya. A rubuta kowane ƙorafi, a dawo bayan mako uku ko huɗu a nuna abin da aka sauya da abin da ba za a iya sauyawa ba da dalilinsa. Kada ka zo da zanen da aka gama goge shi tas, domin mai kallo zai fahimci an riga an yanke hukunci ba da shi ba.

Wurin ajiye motoci

Wannan shi ne ƙorafin da ya fi yawa, kuma shi ya fi cin kuɗi idan ka sallama. Gurbin mota ɗaya, idan aka haɗa da hanyar juyawa, yana cin murabba'in ƙafa 300 zuwa 350. Ɗauki misalin fili mai eka ɗaya, wato murabba'in ƙafa 43,560, da ake son gina fulat 60 a kai. Idan dokar gari ta ce gurbi biyu ga kowane fulat, kana bukatar gurbi 120, kusan murabba'in ƙafa 39,600. Motoci sun cinye kashi tara cikin goma na filin kafin a aza tubali ɗaya. Mafita ita ce a gina garejin bene ko a haƙa ƙasa, kuma kowane gurbi a irin wannan gareji dubban daloli ne masu yawa, na ƙarƙashin ƙasa ya fi tsada, musamman inda ruwa ke kusa ko akwai dutse. Kuɗin nan yana komawa kan haya, har ga wanda ba shi da mota. Marigayi Donald Shoup na Jami'ar UCLA ya shafe shekaru yana nuna cewa alƙaluman da garuruwa ke tilastawa galibi kwafo su aka yi daga wasu garuruwa, ba ƙidaya aka yi ba.

To kai ka yi ƙidayar. Zaɓi benayen haya uku zuwa biyar da ke kusa da tashoshi a garuruwa masu kama da naka. Ka nemi izinin masu kula da su, ka ƙirga motocin da ke ciki tsakanin sha biyun dare da huɗun asuba, a ranakun Talata zuwa Alhamis, lokacin da makarantu ke aiki, ka raba da yawan fulat ɗin da ke da mazauna. Ƙidayar rana ba ta da amfani, domin masu mota sun fita. Hukumar tsara yankin Boston, MAPC, ta yi irin wannan ƙidaya a gine-gine kusan 200, ta tarar kusan kashi 30 cikin 100 na guraben babu kowa a cikinsu da dare. Lambar da aka ƙirga a garin da maƙwabta suka sani ta fi kowane rahoto na nesa shiga kunne.

Tsoron maƙwabci na gaskiya shi ne 'yan haya su cika masa bakin ƙofa da motoci. Wannan tsoro yana da magani. A raba kuɗin gurbin mota da kuɗin haya, mai mota ya biya daban. A roƙi gari ya sa takardar izinin ajiye mota a titunan da ke kewaye, a kuma rubuta a sharuɗɗan izini cewa mazauna sabon ginin ba su cancanci wannan takarda ba, idan dokar wurin ta yarda. A yi yarjejeniyar raba gurabe: masu zuwa jirgi na amfani da su da rana, mazauna da dare. Idan filin na hukumar jirgi ne, ka yi tsammanin za a nemi ka mayar da kowane gurbin matafiya da ka ɗauke, ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan sharaɗi kaɗai yana iya rusa lissafin aikin, don haka a tattauna shi tun farko da alƙaluman yadda filin ke cika.

Cunkoso, makarantu da bututu

Nazarin zirga-zirga yawanci yana dogara da littafin alƙaluman ƙungiyar injiniyoyin sufuri ta ITE. A can, gidan iyali guda yana haifar da tafiyar mota kusan tara da rabi a yini, fulat a bene mai matsakaicin tsayi kuwa kusan biyar. A sa'ar cunkoson yamma, fulat 100 na haifar da tafiya 40 ko kusa da haka, wato ƙasa da mota ɗaya a minti. Alƙaluman ma sun yi yawa ga ginin da ke kusa da tasha: wani nazari na 2008 a kan gine-gine 17 irin waɗannan ya gano tafiyar motocinsu ta gaza hasashen ITE da kashi 44 cikin 100. Ka sa injiniyanka ya cire daga lissafin motocin da filin ke jawowa a yanzu, domin banki ko gidan mai da ke wurin ba a banza yake zaune ba. Ƙidayar mahaɗar tituna a yi ta tsakiyar mako, ba lokacin hutun bazara ba, in ba haka ba masu adawa za su watsar da rahoton, kuma suna da gaskiya. Ka yarda gari ya ɗauko injiniya na biyu ya duba aikin naka da kuɗinka. Yana da tsada, amma yana toshe bakin cewa wanda ya biya shi aka rubuta wa.

Maganar makarantu tana da nauyi domin harajin gidaje ne ke ɗaukar babban kaso na kuɗinsu. Hanyar amsawa ita ce a nemi ofishin makarantu ya ba da adadin ɗaliban da ke zaune a benayen hayar da ake da su a garin, babu sunaye, a raba da yawan fulat. A kuma ɗauko tarihin yawan ɗalibai na shekara goma. A garuruwa da yawa adadin raguwa yake yi, kuma inda ya ƙaru, sau da yawa tsofaffi ne suka sayar da manyan gidajensu ga matasan iyalai. Nazarin MAPC na 2017 bai sami alaƙa tsakanin yawan gidajen da gari ya gina da ƙaruwar ɗalibansa ba. Sai dai a yi hattara ƙwarai. Dokar adalci a harkar gidaje ta 1968, da gyaran da aka yi mata a 1988, ta hana nuna wa iyalai masu yara bambanci. Kada ka tallata aikinka da cewa ba zai kawo yara ba, kada kuma ka cire fulat masu ɗaki uku don a ƙyale ka. Gari da ke gudun yara yana rufe wa kansa gaba, kuma mu ba ma ba da shawarar a saye ƙuri'a da wannan.

Bututun ruwa da na ƙazanta kuwa, ƙorafi ne da kan zama gaskiya. Ka samo wasiƙa daga hukumar ruwa da ke tabbatar da akwai sarari. A Massachusetts ana lissafa galan 110 a yini ga kowane ɗakin kwana, don haka gini mai ɗakuna 90 na nufin galan 9,900. Idan tsohon bututu yana ɗaukar ruwan sama ta tsagogi, gari zai nemi ka biya gyaran wani sashe, kuma ya dace ka biya. Ruwan sama ya fi sauƙi: filin kwalta ba ya tsotsar komai, sabon gini kuwa dole ya tanadi wurin tara ruwa, saboda haka yawanci gyara ake samu.

Faɗuwar darajar gidaje ba ta bukatar dogon zance. Nazarin cibiyar harkar gidaje ta jami'ar MIT a 2005 a kan ayyukan 40B bai ga farashin gidajen maƙwabta ya faɗi ba. Ka kawo tarihin cinikin gidaje a kewayen wani gini makamancin naka, ka wuce.

Tsayi da inuwa, da abin da za ka iya sallamawa

Mutum ba ya iya hango tsayin ƙafa 55 daga takarda, sai zuciyarsa ta ninka shi. Ka ɗaga balan-balan ko ƙugiyar ɗaukar kaya zuwa ainihin tsayin ginin a kusurwoyinsa, a ranar Asabar da aka sanar, maƙwabci ya tsaya a bayan gidansa ya gani da idonsa. Ka kawo zanen inuwa na ranakun 21 ga Maris, Yuni da Disamba, da ƙarfe tara, sha biyu da uku. Na Disamba shi ne mafi muni, kada ka ɓoye shi, domin wani zai nema.

A nan ne ake ciniki, kuma ƙa'idarmu ita ce a sallama a kan siffa, a riƙe yawan gidaje. Hawa na sama yana iya ja da baya ƙafa goma zuwa goma sha biyar daga bakin titi, mai tafiya a ƙasa sai ya ga kamar hawa uku ne. Ɓangaren da ke kallon ƙananan gidaje ana iya saukar da shi, a mayar da nauyin wajen layin dogo. Doguwar fuska ana iya kasa ta gida biyu ko uku da bulo da launi daban. Wurin shara, injin wuta da ƙofar gareji a kai su nesa da tagogin maƙwabta. A ƙara faɗin hanyar ƙafa, a dasa manyan bishiyoyi, a rubuta sa'o'in aikin gini da hanyar da manyan motoci za su bi. Duk waɗannan ba su da tsada idan aka gwada da cire hawa guda.

Ga dalili. A ce an sayi fili dala miliyan 3. Fulat 60 na nufin kowanne ya ɗauki dala 50,000 na kuɗin fili. A cire hawa ɗaya su koma 45, kowanne ya ɗauki kusan 66,700, ga lif, harsashi, rufi da kuɗin lauya duk suna nan yadda suke. Fulat ɗin masu sauƙin kuɗi, waɗanda galibi kashi 10 zuwa 20 ne na ginin, su ke fara zubewa, domin hayar sauran ce ke ɗauke da su. Hukuma na iya amincewa da ƙaramin gini kowa ya tafa, banki ya ƙi ba da bashi, fili ya zauna shekaru. Idan ana matsa maka, ka buɗe lissafinka ga ƙwararren da gari ya zaɓa. Wani kuskure kuma shi ne zuwa da hawa takwas alhali biyar kake so, don a yi ragi. Mutane sun gane wannan dabara, kuma da zarar sun ga ka sauko da sauƙi, ba za su tsaya a biyar ba.

Kantuna a hawan ƙasa suna burge hukuma, amma kada a tilasta su a gefen titin da ba a bi. Kanti a rufe ya fi bango muni. A sa su a kusurwar da ke fuskantar tasha, sauran a yi fulat masu ƙofa a bakin titi.

Akwai kuma ƙorafin da ba a cika faɗa ƙarara ba, na su waye za su shigo. Za ka ji shi a kalmomi irin su "masu wucewa", "mutanen birni", ko "ba irin namu ba". Ba a warware wannan da zane. Shugaban zama ya tunatar cewa hukuma na duba amfanin fili ne, ba launin fata ko asalin mazauna ba, kuma hukuncin da aka gina a kan irin waɗannan kalamai na iya jefa gari cikin shari'a. Ka kuma faɗi albashin da ake nufi da lambobi, ka gwada shi da albashin sabon malami ko ɗan kwana-kwana na garin, wanda ke cikin kasafin da kowa zai iya gani.

Daren zama da abin da ke biyo baya

Yawanci kowane mai magana minti biyu ko uku ake ba shi. Ka tara mutum goma sha biyar zuwa ashirin mazauna garin, su sa suna da wuri don kada rabin sa'ar farko ta zama ta adawa zalla. Kowa ya faɗi titinsa, ya ɗauki batu ɗaya. Dattijuwar da ke son barin babban gida ba tare da barin garin ba, mai kantin da ke neman masu saye a ƙafa, mahaifin da 'yarsa ta kasa samun haya kusa da shi, waɗannan sun fi ɗan gwagwarmayar da ya zo daga wani gari tasiri. Wasiƙa iri ɗaya da aka kwafa sau hamsin, ɗaya ake ƙirga ta. Wanda ba zai iya zuwa ba ya rubuta layi biyar da kalmominsa kafin wa'adi. Mai gabatarwa ya taƙaita cikin minti goma sha biyar, ya fara da abin da aka sauya saboda maƙwabta, kada ya mayar da martani ga ihu. Idan aka nemi ɗage zama, ka nemi a rubuta takamaiman bayanin da ake jira da ranar dawowa, in ba haka ba kowane zama zai haifi sabon nazari.

Bayan amincewa, agogon ƙara ya fara: kwana 20 a Massachusetts daga ranar da aka ajiye hukuncin a ofishin magatakardan gari, kwana 45 a New Jersey daga ranar buga sanarwa. Banki ba ya sakin kuɗi sai wa'adin ya wuce. Abin da ke kare ka a kotu shi ne rubutaccen hukunci mai dalilai, kowane sharaɗin doka da shaidar da ta cika shi, don haka lauyanka ya miƙa daftari ga hukuma. Kuskuren sanarwa, kamar mantawa da maƙwabci ɗaya ko buga ta a makare, yana iya mayar da komai farko. A garin Lafayette na Kalifoniya, an gabatar da aikin fulat 315 kusa da tashar jirgin BART na yankin San Francisco a 2011, bai sami amincewar majalisa ba sai 2020, sannan ya sake shiga kotu. Don rage irin wannan, Massachusetts ta ba alƙali ikon neman mai ƙara ya ajiye jingina har dala 50,000 a 2021, ta ɗaga shi zuwa 250,000 a 2024.

Da an fara gini, ka liƙa lambar wayar mai kula da aiki a shinge, ka cika kowane sharaɗi har na ƙarshe. Shekara guda bayan mazauna sun tare, a ƙirga motocin gareji da dare, da masu fita a sa'ar cunkoso, da ɗaliban da suka shiga makaranta, a miƙa wa hukumar tsara gari a rubuce tare da hasashen da aka yi tun farko, domin da waɗannan lambobi za a auna gini na gaba a wannan titi.